Gadon Igiya a Shagon Shaame

"Tashi daga kan gadon nan!"

Matar ta ɗago kai da sauran murmushi a fuskarta. Zaune take a gefen gadon, ta zare takalmi ɗaya, tana danna igiyoyin da tafin hannu kamar mai gwada nunar gwanda. Ta dubi Riziki da ke tsaye a bakin ƙofa da goyo a baya da damin faya-fayai a hammata, sannan ta waiwaya tana neman mai shago.

Shaame ya fito daga bayan teburin zuma da sauri har ya kusa ture kwalba.

"Madam Neema, yi zamanki. Maƙwabciyarmu ce, ita ke saƙa mana faifai. Haka take, gaisuwarta ke nan."

"Yaya Shaame, me gadon Bi Mboja yake yi a nan?"

"Ajiye kayanki ki je, zan zo."

"Tambayarka na yi."

Shagon dai tsohon ɗakin ajiyar kanumfari ne na gonar su Shaame. Tun da baƙi suka fara tsallakowa tsibirin Pemba suna yawo cikin gonaki suna shinshina ɓawon kirfa, ya share shi, ya shafa farar ƙasa, ya jera kaya: zuma, man kwakwa, masoro a ƙulle, tabarmi da kwanduna da faya-fayan matan ƙauyen. Bai daɗe ba ya gane cewa baƙi sun fi son tsoho da sabo. Daga nan ya shiga bin gidaje. Butar gahawa ta tagulla, dutsen guga na gawayi, fitilar da gilashinta ya tsage, akwatin aure mai ƙusoshi, duk abin da wata tsohuwa ta tura ƙarƙashin gado sai ga shi a kan kanta an goge shi yana walƙiya. Ko faya-fayan Riziki sai ya rataye su a hayaƙin madafa sun yi baƙi kafin ya fito da su. Duk wannan ta gani ta kau da kai, don da kuɗin faifan take sayen maganin yarinya idan mijinta ya dawo daga teku hannu biyu. Amma gadon nan daban ne.

"Sabo na saya wa Bi Mboja," in ji Shaame ƙasa-ƙasa. "Na katako, da katifar soso, tun daga garin Chake Chake na ɗauko shi. Gwaggona ce, ba taki ba. Ko sannu ba wadda ta ce mini, sai yanzu kin zo kina mini ihu a gaban baƙi."

"Ta ce maka tana son sabo?"

"Mara lafiya ake tambaya?"

Madam Neema ba ta tashi ba. Mace ce mai kyan jiki, daga tsibirin Unguja ta zo, inda take da masaukin baƙi a bakin teku. Ta shafa ƙafar gadon da hannuwan mutane suka goge har ta yi santsi, ta ce, "Ni ba faɗa na zo ba, 'yar uwa. Amma tunda kin san gadon, faɗa mini. Me ya sa igiyar tsakiya fara ce, ta gefe kuma baƙa? Gyara aka yi? In gyara ne sai a rage mini."

Riziki ta ji kamar an miƙo mata sanda. Duk wanda ta sani a duniya, in ya ji abin da za ta faɗa, zai yi tsalle ya bar gadon yana kakkaɓe zani yana neman tsari.

"Kina son ki sani? Gadon wankan gawa ne. Duk macen da ta mutu a ƙauyen nan, a kansa ake wanke ta. A haƙa rami a ɗakinta, a ɗora shi a kai, a yanke igiyar tsakiya don ruwa ya sauka. In an gama Bi Mboja ta sake saƙa wurin. Shi ya sa kullum tsakiyar sabuwa ce. Uwata a nan aka kwantar da ita. Daidai inda kika zauna kanta yake."

Shaame ya runtse ido.

Madam Neema ta sauke hannunta a hankali a kan farar igiyar. Idonta ya yi haske.

"Da gaske kike? Duk matan ƙauyen?" Ta juya wajen Shaame. "Bwana Shaame, kai kuma ka ce mini gadon amarya ne! Ai wannan ya fi. Ba sai ka rage ko sisi ba. Na saya."

"Ba ki ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji, shi ya sa. Kakata tana da irinsa, da ta mutu itacen girki aka yi da shi. A wurina zai zauna a inuwa, a shafa masa mai, kowa ya zo a ba shi labarinsa. A nan gara ce za ta ci."

"Mai shi ba ta mutu ba! Ga ta can bayan shanyar kanumfari tana numfashi!"

"To ai ga wanda ke kula da ita," in ji matar, ta zaro waya.

Riziki na tsaye wayar Shaame ta yi ƙara a aljihunsa, alamar kuɗi sun shiga. Aka yi magana a kan mota: direba zai zo da a-kori-kura bayan azahar, don su sami jirgin ruwan yamma. Madam Neema ta sa takalminta, ta ɗauki kwalbar zuma biyu, ta fita zagaya gona.

"Na gode," in ji Shaame. "Wallahi ke ya kamata in ɗauka aiki."

"Allah ya isa."

"Kul! Ki iya bakinki. Kantar nan da kike ajiye kayanki ba ta ubanki ba ce. Mata nawa ke roƙona wuri? Ki sake tsoma baki a cinikina, ki ga inda za ki kai faifanki."

Ba ta ajiye damin ba. Da shi ta fita.

Ta ratsa tsakar gida inda aka baza kanumfari a tabarmi, wani kore wani ya fara ja, ƙamshinsa na hawa kai. 'Yarta Zuwena ta farka a bayanta ta fara ƙananan kuka. Riziki ta jijjiga ta ba tare da ta tsaya ba. Abin da ya fi ci mata rai ba Shaame ba ne. Bakinta ne. Da ta yi shiru da wataƙila matar ta tsaya neman ragi har cinikin ya watse.

Ɗakin Bi Mboja duhu ne da zafi. Sabon gadon ya cinye rabinsa, ko ledar katifar ba a gama cirewa ba. Tsohuwar na kwance a tsakiya, ta nutse a cikin soson, ƙanƙanuwa kamar yarinya, gumi ya jiƙa zanin kanga da aka lulluɓa mata. Riziki tun da ciwon ya kwantar da ita take zuwa safe da yamma, ta dama mata kunu, ta juya ta, ta wanke abin da ya kamata a wanke.

"Wa ke nan mai taka ƙasa kamar ta ci mata bashi?"

"Ni ce, Kaka."

"Na san ke ce. Kawo mini kishiyata in gani."

Riziki ta kwance goyon ta zaunar da yarinyar kusa da ita. Zuwena ta kama yatsan tsohuwar tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Ci, ba nama a jiki." Ta yi tari mai tsawo. "Riziki, sauke ni daga kan wannan abin. Tun da aka ɗora ni nake dahuwa. Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa zazzaɓi ba."

Riziki ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta sa hannu ta ɗauke ta. Ba ta fi damin kaba nauyi ba. Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya da bayanta ya taɓa sanyin ƙasa.

"Jiya Shaame ya ce mini kafinta ya kai wa gadon. Wai ƙafa ɗaya na rawa." Ta buɗe ido ɗaya. "Ƙafar nan tun ba a haife ni ba, ba ta taɓa rawa ba. Yana shago ko?"

Riziki ta so ta yi ƙarya, ta kasa.

"Ya sayar, Kaka. Yau za a tafi da shi."

Ta ɗauka tsohuwar za ta yi kuka ko ta yi baki. Sai kawai ta ji ta yi wata 'yar dariya da ba ta da sauti.

"Shaame. Ranar da na wanke uwarsa, da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa daga ƙafar gadon nan. Majina har baki." Ta ja numfashi da ƙyar. "To a kan me za ku wanke ni? A kan soso? Ya shanye ruwan, ku matse shi a bayan gida kamar tsumma?"

"Daina wannan maganar."

"Ke daina. Shekara nawa kina riƙe mini buta? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban tara komai ba, 'yar nan. Ban haifa ba, ban gina ba. Na wanke matan garin nan ɗaya bayan ɗaya, na rufa musu asiri, ban taɓa faɗin abin da idona ya gani ba. Abin da na sa rai kawai, in kwanta inda suka kwanta."

"Za ki kwanta."

"Kada ki yi alkawarin abin da ba naki ba."

"Na ce za ki kwanta."

Tsohuwar ta lumshe ido. Ta nemi ruwa, Riziki ta ɗiga mata da cokali. Ta tambaya ko an kwashe kanumfarin, don ƙafarta na gaya mata akwai hadari. Daga nan ta koma motsa leɓe. Riziki ta jingina da bango ta ba Zuwena nono, tana yi wa tsohuwar fifita da ɗaya daga cikin faya-fayan da ta ƙi ajiyewa, tana maimaita kalmar shahada a hankali yadda ta ga ita Bi Mboja na yi wa wasu. Ladan ya kira azahar. Kafin yarinyar ta saki nono, ƙirjin da ke ɗagawa ƙarƙashin kangar ya daina.

Riziki ta daɗe tana kallo. Kuka ya taho mata, ta danne shi. In ta yi kururuwa yanzu, gida zai cika, maza su tsaya shawara, a ce a jira liman, a ce a jira wane, mota kuwa ba ta jira. Ta shafe mata ido, ta yage bakin kanga ta ɗaure mata haɓa, ta miƙe mata ƙafafu, ta ja lulluɓi har kai. Ta goya 'yarta, ta ɗaure zanin tamau. A jikin bango, inda take soke ta kullum, ta zaro ƙaramar wuƙar da tsohuwar ke yanka kaba da ita.

Ta katanga ta leƙa gidan maƙwabciyarsu Bi Tatu, wadda ke kankare kwakwa a tsakar gida.

"Inna, Kaka ta cika. Kada ki yi kuka. Kira mata uku masu ƙarfi ku same ni a shago."

Bi Tatu ta dubi wuƙar. Ta ajiye kwakwar.

Motar ta riga su isowa. Direba da yaronsa sun fito da gadon, sun ajiye shi a rana bakin ƙofa suna warware igiyar ɗauri. Madam Neema na gefe da kwandon da ta cika da tsarabar kirfa da sabulu, tana cewa a sa tsumma kada ƙafafun su goge. Shaame na ba da umarni da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kofin gahawa.

Ya hango ta. "Riziki, na gaya miki..."

Ba ta dube shi ba. Ta ratsa tsakanin direban da yaronsa, ta dafa gwiwa a kan katakon gefe, ta soka wuƙar a tsakiyar farar igiyar ta ja. Igiyar ta tsinke da ƙara. Ta kama ta gaba.

"Ke! Ke! Mahaukaciya ce? Kayana ne! Bwana Shaame, ka tsaya kana kallo?"

Shaame kuwa kallon yake. Ya ɗaga ƙafa zai taho, ya tsaya. A ƙauyen nan ba a sa wa igiyar nan wuƙa sai da dalili ɗaya, kuma ya san shi tun yana yaro. Ya dubi hannun Riziki, ya dubi matan da ke shigowa ta bayan shago kowacce ta ja mayafi ta rufe kai. Kofin ya karkace, gahawar ta zuba a kan takalminsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Yaushe?"

"Kana cikin ciniki."

"Ba wanda ya kira ni."

"Da ka zo?"

Ya ajiye kofin a ƙasa.

Riziki ta gama buɗe tsakiyar, faɗin tafi biyu, ta tura bakin igiyoyin ƙasa. Yankan ya fita daidai. Matan suka kama ƙafa huɗu.

Madam Neema ta sha gabansu. Ta fahimci abin da ya faru, muryarta ta sauka.

"Allah ya ji ƙanta. Ban sani ba, wallahi. Ku yi haƙuri." Ta gyara riƙon kwandonta. "Amma na biya. Ku je ku yi abin da za ku yi, zan jira, ko jirgin gobe ne na bi. Abu ɗaya kawai: kada a sake saƙa wurin. A haka nake son shi."

"Ji mini mata," in ji Bi Tatu. "To ko gawar ma za a naɗe miki a takarda?"

"Inna, ban zage ki ba."

"Gara ki zage ni. Matsa, 'yar nan, kafin in manta ina da alwala."

Ta matsa.

Shaame ne ya haƙa ramin. Ba wanda ya sa shi. Ya fitar da sabon gadon shi kaɗai, yana ja yana buga shi da ƙofa, ya jingina katifar a bango, ya dawo da fartanya. Da farar rigarsa ta shago ya durƙusa a tsakiyar ɗakin gwaggonsa yana sara, gumi da hawaye na haɗuwa a gemunsa. Riziki na tsaye a kansa da tulun ruwa.

"Ƙara zurfi."

Ya ƙara.

"Yaya Shaame, mayar wa matar nan kuɗinta."

Bai ɗago ba. "Na aika a sayo likkafani. Na aika a sayo shinkafar da za ku dafa wa masu zaman makoki. Da me kike tsammani? Da kanumfarin da bai bushe ba?"

"Da mun haɗa. Kullum haɗawa muke."

"Kun haɗa na maganinta?"

"Mun wanke kashinta! Kai ka taɓa?"

Ya ajiye fartanyar, ya share fuska da hannun riga. "Na riga na sallama mata, Riziki."

"To ranar da matarka ta mutu, sai ka kai ta Unguja a wanke ta a gaban baƙi."

Bi Tatu ta ce, "Ya isa. Akwai gawa a ɗakin nan. Fita, Shaame."

Aka ja ƙofa. Aka ɗora gadon a kan ramin, aka ɗauko Bi Mboja aka kwantar. Matan suka kama kanga ta kusurwa huɗu suka yi mata rumfa. Sai aka tsaya, kowa na jiran wadda za ta fara, don duk tsawon rayuwarsu wadda ke farawa ita ce kwance. Bi Tatu ta karɓi butar daga hannun Riziki, ta tura ta gaba da kafaɗa.

Riziki ta miƙa Zuwena ga wata yarinya a waje, ta naɗe tsumma a hannu, ta yi bisimilla. Ruwan ganyen magarya, sannan na kafur. Dama kafin hagu. Ruwan na bi ta tsakiyar gadon yana sauka a ramin da ƙaramar ƙara, ba ɗigo ɗaya da ya bi ƙasa ya nufi ƙofa. Abin da ta gani a ƙarƙashin kangar kuwa ya zauna a cikinta.

Bayan la'asar maza suka ɗauki makara. Shaame na gaba, ya ƙi yarda a karɓe shi. Mata suka tsaya a tsakar gida har salatin ya yi nisa cikin itatuwan kanumfari, sannan kukan da aka danne tun rana ya ɓalle.

Ana cikin kukan direban ya yi sallama a bakin ƙofa, yana murza hularsa.

"Ku yi haƙuri, iyayena. Aiko ni aka yi."

Riziki ta miƙe ta tare ƙofar ɗakin. Jikinta duk ya jiƙe, idonta ya yi ja.

"Bai bushe ba."

"Ta ce ba komai."

"Ni da komai!"

"Riziki," in ji Bi Tatu daga inda take zaune. Muryarta ta dushe. "Ta kwanta a kai. Abin da ta roƙa ke nan. Sauran ba namu ba ne, na mai gida ne, ya kuma sayar. Kada ki sa a kira miki 'yan sanda ranar makoki, da goyo a bayanki."

"Mu kuma fa, Inna? Ke fa?"

Bi Tatu ta kalli tafin hannunta.

Riziki ta janye kafaɗarta daga ƙofar. Ba ta taya su ba, ba ta kuma kalle su ba. Ta dai ji ƙafar gadon ta bugi dokin ƙofa, ta ji direban na cewa a yi a hankali, ta ji motar ta tashi ta bi hanyar tashar jirgi har ƙararta ta ɓace.

Hadarin da tsohuwar ta faɗa ya fara haɗowa. Mata suka ruga kwashe shanya. Riziki ta karɓi 'yarta, ta shiga ɗakin ita kaɗai, ta zaunar da ita a gefe, ta ɗauki fartanyar da Shaame ya bari. Ta mayar da ƙasar cikin ramin, ta bi da ƙafa tana dannawa, tana dannawa, fiye da yadda ake bukata. Ɗakin ya yi faɗi, sai ƙamshin kafur da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da ta juyo, Zuwena ta rarrafo tsakiyar ɗakin. Ƙafafun gadon sun bar gurbi huɗu a ƙasa mai laushi, kowanne da ɗan ruwa kwance a ciki. Yarinyar ta zauna kusa da ɗaya, ta tsoma hannu, ta ɗago tana kallon yatsunta. A kan rufin kwano, ɗigon farko ya fara sauka.